Kalmar da Ba Ta Cikin Littafin Abakar

SHAFI NA 19

Masu cika min waya da "wai ita Mahasin dutse ce, miji ya rasu wata uku ko ɗigon hawaye babu?", na gan ku. Akwai wadda har ta ce ni ce marar imani da na rubuta ta haka. Na gode, Allah ya bar zumunci. Ku gyara zama.

*

Ranar Talata da hantsi littafin ya ƙare.

Littafin Abakar mijin Mahasin nake nufi, ɗan ƙarami mai baƙin bango, wanda ya shekara huɗu yana tara kalmomin Japananci a ciki, can Japan, a garin da yake aikin kwance tsofaffin motoci. Shi kaɗai mahaifiyarsa Hajja Dije ta yarda a cire daga kayan da aka kawo bayan rasuwarsa, don a cewarta karatu ba gado ba ne. Sauran kuwa, jaka ɗaya da wani ƙunshi cikin farin ƙyalle mai girman tukunyar miya, suna kan dulab, wato kabad ɗin ɗakinta. Ba mai taɓawa sai Baffa Abdulbasit ya iso daga Aswan an buɗe a gaban kowa. Haka suke yi tun suna Sudan, don Hausawan can ne, yaƙi bai canja wannan ba, balle zaman unguwar Ainu Shams a Masar.

Yau da la'asar kuma Baffa zai iso.

Mahasin na zaune a ƙasa cikin farin mayafin takabarta, ta jingina da firij, don kicin ne kawai wurin da ƙarar kekunan tuk-tuk ba ta cika shigowa ba. Malaz na gefenta, ɗiyar maƙwabtansu ta saman bene, mai karatun Japananci a jami'a a Giza. Talata da Alhamis take saukowa.

"Yalla, mu maimaita na baya tukuna," in ji Malaz. "Ittekimasu."

"Na tafi, zan dawo."

"Na gida kuma ya ce?"

"Itterasshai. Je ka ka dawo."

"Tadaima."

"Na dawo."

"Amsarsa?"

"Okaeri. Sannu da dawowa."

"Tamam! Wallahi Anti, da ke ce a ajinmu da kin kunyata mu. Kubi o nagaku shite matsu?"

"Jira da dogon wuya."

"Kamar ni kullum a bakin titi ina jiran mikrobas, saura kaɗan in koma raƙumin dawa."

Malaz ta yi dariya ita kaɗai. Mahasin ta kalle ta, ta san nan wurin dariya ne, ta ɗan motsa baki don kada yarinyar ta ji kunya.

"Saura ta ƙarshe," Malaz ta ce, ta jawo littafin kusa da ido. "Wannan bai rubuta ma'anarta ba. Mizu ni nagasu."

"Me ke nan?"

"A zuba wa ruwa ya tafi da shi. In mutum biyu sun yi faɗa, sai ɗaya ya ce a bar maganar, a yafe, ta wuce."

Mahasin ta rubuta a nata littafin, da rubutu mai kyau, ta ja layi a ƙasa kamar yadda ta ja wa sauran. Ta karɓi na Abakar ta juya shafi. Fari. Ta sake juyawa. Fari har bango.

"Shi ke nan?"

"Khalas, Anti. Mun sauke."

"Babu wata?"

"Babu."

To bari in faɗa muku abin da ko Malaz ba ta sani ba. Mahasin ba don son yaren take wannan karatun ba, ba kuma don kewa ba kamar yadda matan bene suke cewa, "Allah sarki, littafinsa take runguma." Kalma ɗaya take nema.

Faɗa suka yi da Abakar a waya, na ƙarshe ke nan. Ya ce takardunsa ba su fito ba, bana ma ba zai zo ba. Ta ce shekara huɗu tana jin wannan waƙar, kada ya sake kiranta sai ranar da zai ce ga shi a filin jirgi. Ta kashe, ta toshe lambarsa.

Washegari wata baƙuwar lamba ta Japan ta fara kira. Kullum da hantsi. Ta ce a ranta, wayar aboki ya aro, bari ya ɗanɗana shi ma. Kwana huɗu tana kife wayar. Rana ta biyar ta ɗauka ta yi shiru, tana jira ya fara ba da haƙuri.

Sai ta ji muryar mace.

Macen ta ambaci sunansa da irin bakinsu, ta faɗi wata doguwar kalma. Ta sake faɗa a hankali. Ta sake, kamar mai koya wa jariri magana. Mahasin ta ce, au, har da mace? Ta toshe wannan ma. Wata lambar ta sake kiranta bayan nan, ita ma ta toshe ta.

Bayan wata guda Tarig, wani ɗan garinsu mai zuwa can sayo tsofaffin injina, ya zo da jaka da ƙunshi da labari. Ƙanin mijinta Fadl ne ya keɓe da shi, shi ya faɗa musu sauran.

Tun ranar Mahasin take ɗauke da abu biyu: miji ya rasu, miji kuma yana da wata a can. In kuka ya taso sai muryar nan ta danne shi, in fushi ya taso sai mutuwar ta danne shi. Shi ya sa kuka gan ta haka. Ta sa rai za ta tsinci kalmar a littafinsa ba sai ta tambayi kowa ba, ga shi littafi ya ƙare.

"Malaz."

"Na'am, Anti."

"Mene ne nakunarimashita?"

Biron hannun Malaz ya faɗi. Ta sunkuya tana nemansa alhali yana kan ƙafarta.

"A ina kika ji wannan?"

"Tambayarki na yi."

"Ba ta cikin littafin ai."

"Na san ba ta ciki. Wata biyu muna dubawa."

"Anti, ki bari Fadl ya dawo."

"Me ya haɗa Fadl da Japananci?"

A waje mai sayar da gas yana ƙwanƙwasa tukunyarsa da ƙarfe.

"Ya rasu," Malaz ta ce, da ƙyar ake ji. "Ma'anarta ke nan. Ya rasu. Ita ce kalmar da ake faɗa da ladabi."

Mahasin ta ɗauki biro ta rubuta. Nakunarimashita. Ya rasu. Ta ja layi. Sai da ta gama jan layin sannan maganar ta iso mata.

"Ba zai yiwu ba. Ranar yana da rai. Fadl ya ce bayan nan da kwanaki ya kwanta."

Hawaye suka zubo wa Malaz.

"Takardar nan," Mahasin ta ce. Ta buɗe bangon baya na littafin, inda wata takarda a ninke take tun ranar farko. "Kin ce rubutun hannu ne, ya fi ƙarfinki."

"Haka na ce."

"Ya fi ƙarfinki?"

"A'a."

"Kin karanta?"

"Fadl ya kawo min tun kafin a ba ki littafin. Ya sa na rantse. Ya so ya yaga ta, ni na ce amanar wata ce, a mayar inda take."

"Karanta min."

"Anti, don Allah..."

"Ƙasa-ƙasa. Hajja na ɗaki."

Malaz ta share hanci da gefen gyale, ta buɗe takardar. Hannun Mahasin yana kan gwiwa, ko motsi.

"Ta ce: Zuwa ga matar Abakar. Sunana Sumiko, matar mai gidan da yake aiki. Shekarata saba'in da huɗu."

"Nawa?"

"Saba'in da huɗu."

"Tsohuwa ce."

"Eh."

"Ci gaba."

"Ta ce: A ɗakin bayan gidanmu yake kwana. Kullum da safe sai ya tsaya a ƙofar kicin ɗina ya ce ittekimasu, ni kuma in ce itterasshai. Ranar Litinin ya faɗa, na amsa. Kafin azahar ya faɗi a wurin aiki. Likita ya ce zuciya ce, bai sha wahala ba."

Litinin. Lahadi suka yi faɗan. Mahasin ta ƙirga da yatsu a kan gwiwa, ta sake ƙirgawa. Ashe ko kira ɗaya a cikin kiraye-kirayen nan ba nasa ba ne. Kwana huɗun da ta yi tana kife waya tana cewa bari ya ɗanɗana, shi yana kwance a firij ɗin asibiti.

"Ta ce: A farkon littafinsa ya rubuta lamba ɗaya, ya sa 'matata' a gefe. Ita muka kira kwana tara. Sau ɗaya aka ɗauka. Ban iya Larabci ba, ban iya Turanci ba, na faɗa a hankali iyakar iyawata. Wataƙila ban faɗa da kyau ba."

"Ta faɗa da kyau," in ji Mahasin.

"Anti..."

"Ci gaba na ce."

Malaz ta tsaya. Ta kalli ƙofa, ta kalli rufi, ta kalli komai ban da matar da ke gabanta.

"Ta ce: Garinmu ƙarami ne, ba mu san Musulmi ko ɗaya ba sai shi. Wayarsa a kulle take. Takardunsa ba su kammala ba, ba mu san inda za mu je ba. Da ba a samu dangi ba, sai aka yi masa yadda ake yi wa kowa a nan."

"Yaya ake yi wa kowa a can?"

Malaz ta toshe baki.

"Malaz, ke ce malama. Yaya ake yi?"

"Ƙonawa suke yi."

Firij ɗin da Mahasin ta jingina da shi ya yi ɗan gurnani ya ɗauke. Ta ji sanyinsa a bayanta. Ta lura ashe akwai ƙwayar shinkafa ɗaya a ƙarƙashin kujera, ta ce a ranta dole a share kafin Baffa ya zo.

"Ta ce: Ba mu bar shi shi kaɗai ba. Ni da mijina da abokan aikinsa biyu muka tsaya. Mu muka tsince ƙasusuwansa da ƙananan sanduna, mutum biyu a kan ƙashi ɗaya, kamar yadda muka yi wa ɗanmu. Daga ƙafa muka fara, kai a ƙarshe, don ya zauna a miƙe cikin tukunyar, kada ya zo miki a kife. Sai da Tarig ya zo ya faɗa mana addininku ya hana. Ya zauna a ƙasa yana kuka, sannan muka gane abin da muka yi. Na ɗaure shi da hannuna cikin farin ƙyalle. Ki karɓe shi. Moshiwake arimasen."

"Me ke nan ta ƙarshen?"

"Ba ni da bakin ba da uzuri. Ta fi 'yi haƙuri' nauyi."

Mahasin ta ɗauki biro.

"Yaya ake rubutawa?"

"Anti, ki yi kuka mana! Don girman Allah ki yi wani abu!"

Ta so ta yi. Wallahi ta so. Ta laluba cikin ƙirjinta kamar mai taɓa tukunya ta ji ko ta yi zafi, ta ji sanyi ƙalau. Wannan ne ya ba ta tsoro, ba labarin ba.

Farin ƙyalle. Wata biyu tana share ɗakin Hajja, tana goge dulab, tana ɗaga ƙunshin nan ta goge ƙarƙashinsa ta mayar. Hajja kan ce, "Ki bi a hankali, ina jin kayan shayi ne ya sayo min." Ita kuma ta ce to.

Makulli ya juya a ƙofar gida. Fadl ne, leda a kowane hannu, burodi da mangwaro da naman da za a dafa wa Baffa.

"Salamu alaikum 'yan makaranta. Yau me aka koya? Ni dai a koya min yadda ake cewa yunwa nake..."

Ya ga takardar a hannun Malaz. Ya ajiye ledojin a hankali, ya tura ƙofar kicin da ƙafa.

"Kin rantse," ya ce wa Malaz.

"Ba ita ba ce," in ji Mahasin. "Zauna."

"Matar Yaya, ki saurare ni..."

"Mutum nawa ka ce sun sallaci yayanka?"

Ya kau da kai.

"Goma sha ɗaya ka ce. Ka ce wani ɗan Pakistan mai farin gemu ya yi limanci. Ka ce akwai bishiya a gefen kabarin."

"Na ce."

"A ina ka samo goma sha ɗaya?"

"Na ga in na ce goma, Yumma za ta ce ƙirƙira na yi." Yumma yake kiran Hajja.

"Kullum bayan salla sai ta yi wa limamin nan addu'a. Har da 'ya'yansa."

"Ina ji! Kin ɗauka ba na ji? Bango ɗaya ne tsakanina da ita!"

"Rage murya."

Ya durƙusa a gabanta, dogon mutum, ya riƙe kai da hannu biyu.

"Me kike so in ce mata? Matar da ta bar gidanta, ta bar kabarin Baba, ta kwana huɗu a bayan mota har iyaka da ciwon zuciya. Abu ɗaya ya rage mata, cewa an wanke ɗanta an sa masa likkafani an fuskantar da shi alƙibla. In ce mata wuta aka sa masa? Ga shi can a saman dulab ɗinki?"

"Me ya sa ka bari ya shigo gidan?"

"A matakala ta tare Tarig! Na ce ya kira ni in ya iso, shi kuma ya hawo kai tsaye. Kafin in sauko ta rungume ƙunshin. Sau biyu na gwada ɗaukewa, kin san makullin ɗakin a gefen mayafinta yake ɗaure."

"Yau kuma za a buɗe."

"Ba za a buɗe ba. Zan tari Baffa a tashar jirgin ƙasa, in faɗa masa a hanya. Shi ne babba, zai ce wannan ƙunshin amanar wani ce, ya fita da shi. Na yi magana da wani mai kula da maƙabarta, za a binne gobe, a yi masa salla. Khalas. Ba za ta taɓa sani ba."

"Kwanan rasuwar fa? Me ya sa ka ƙara kwana goma?"

Fadl ya ɗago. Idonsa ya yi ja.

"Kin san dalili."

"Faɗa."

"Don kada ki haɗa shi da kiran nan. Don kada kowa ya haɗa. Na ga lambar a littafin, na san taki ce. Ke na rufa wa asiri, matar Yaya, ba kaina ba. In Baffa ya ji, in Yumma ta ji, ina za ki? Wa kike da shi a Masar ban da mu?"

"Ba kowa."

"To ki taimake ni. Awa biyar kawai. Ki wanke fuska, ki dafa naman nan, ki yi yadda kika saba. Ai kin iya shiru."

Ya faɗa ne ba da nufin ciwo ba, amma ya ji yadda ta fito, ya sunkuyar da kai.

"Ma'alish. Ki yi haƙuri."

"Gaskiya ka faɗa. Na iya."

Ta miƙe. Ƙafarta ɗaya ta yi barci, ta tsaya sai da ta farka. Ta buɗe ledar naman ta juye a roba, ta buɗe famfo. Abin da ke yawo a kanta shi ne ashe takabarta ta fi yadda take ƙirgawa nisa da kwana goma, za ta gyara a kalanda. Kai jama'a, zuciya ba ta da tsari.

Ta kalli ruwan yana bi ta kan naman yana wucewa rariya. Mizu ni nagasu. Bai samu ya rubuta ma'anar ba.

"Mahasin!"

Muryar Hajja ce daga ɗaki. Su ukun suka daskare.

"Na'am, Hajja."

"Ki zo. Ki zo min da wannan mai buga ƙofa da ƙafa. Da 'yar makarantar."

Fadl ya kama hannun rigar Malaz, ya sa yatsa a baki, ya cusa takardar a aljihu. Mahasin ta kashe famfo, ta goge hannu, ta yi gaba.

Ɗakin na ƙamshin sandal. Hajja Dije na zaune kan dadduma, ƙafafu a miƙe, kujerar roba a jikin dulab inda ta taka ta hau. Ƙunshin yana kan cinyarta.

"Yumma!" Fadl ya yi tsalle. "Hawa kika yi? Da ciwonki? Kawo in mayar, Baffa bai iso ba, ke da kanki kika ce..."

"Zauna."

Ya zauna.

Mahasin ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon ƙunshin, sai yanzu ta ga abin da ta yi wata biyu ba ta gani ba. Wanda Tarig ya kawo, ƙyallensa mai santsi ne, ƙullinsa a tsakiya da kunne biyu a miƙe. Wannan farin alawayyo ne, an yanke gefensa da almakashi, an ƙulle shi gefe guda irin yadda Hajja take ƙulle komai nata.

Ta san yadin. Shi ne wanda Hajja ta fito da shi daga Sudan a ƙasan jakarta, ta bar zinarinta ta ɗauko shi. Likkafaninta ne.

Hajja ta ga inda take kallo.

"Kwanansa uku a gidan nan na buɗe," ta ce. "Na karya dokata da kaina, Allah ya yafe min. Kayan shayi ba sa irin wannan motsin in an ɗaga."

Fadl ya zuba wa ƙunshin ido.

"Na haife shi a kan hanyar gona, ni kaɗai, na yanke cibiya da kaina. Kana tsammanin za a shigo da shi ɗakina ban sani ba?"

"Yumma... amma limamin... kullum kina..."

"Ina ɗaga murya ne don ka samu ka yi barci. Ka rame ka zama kamar tsinke, kana yi min ƙarya kana kallon bango. Na ce bari in bar yaron nan da ƙaryarsa, ita ce ta riƙe shi."

Sai ga Fadl a kife kan ƙafafunta yana kuka irin na maza, mai fita da ƙyar. Malaz ma ta zame jikin bango. Hajja ba ta kalli ko ɗayansu ba, ta ɗora tafin hannu a kan ƙunshin tana shafawa.

"Ke 'yar makaranta. Ina jinku ta bango, Talata da Alhamis. Wanda ya fita ya ce zai dawo. In ya dawo kuma me na gida yake cewa? Ta shige min."

"Okaeri, Hajja."

"Ba zan iya ba, bakina ya tsufa. Zan faɗa masa da yaren da na goya shi da shi."

Ku da kuka san gidan Bahaushe kun san uwa ba ta kama sunan ɗan fari. Shekara tara Mahasin na zaune da ita, ba ta taɓa jin sunan a bakin Hajja ba. "Yayanku" ne, ko "wancan na Japan", ko ta yi shiru a inda sunan zai shiga, kowa ya gane.

Hajja ta sunkuya har goshinta ya kusa taɓa yadin.

"Sannu da zuwa, Abakar."

A nan ne abin ya motsa a ƙirjin Mahasin, karo na farko cikin wata uku. Ba kuka ba ne tukuna, ciwo ne kawai, mai zafi. Ta dafa ƙofa.

Hajja ta ɗago. Idonta a bushe yake.

"Yau da hannuna zan miƙa shi ga Abdulbasit, ba sata za a yi da ɗana ba. Za a sallace shi, a sa shi a ƙasa kamar kowane Musulmi. Wannan na gama da shi ni da Ubangijina."

"To, Yumma. To."

"Abu ɗaya ne ban gama da shi ba."

Ba wanda ya yi motsi.

"Na ga yadda aka jera shi a ciki. Ƙafa a ƙasa, kai a sama, ba a zuba shi kamar tsakuwa ba. Mutanen da suka yi masa wannan ladabin ba za su sa masa wuta ba su nemi nasa ba. Sun nema. Na san sun nema."

Fadl ya daina kuka.

"Kuma ni kunnena bai mutu ba. Akwai satin da waya ta riƙa kuka a gidan nan kullum da hantsi, ana kife ta a kan tiren shinkafa."

"Tawa ce, Yumma!" Fadl ya miƙe kan gwiwa, magana na tuntuɓe a bakinsa. "Ni suka kira. Na ga baƙuwar lamba na ɗauka 'yan damfara ne. Ni ne, wallahi ni..."

"Kada ka rantse."

"Yumma, ni ne!"

Hajja Dije ta ture hannunsa daga ƙafarta a hankali. Ta gyara zaman ɗanta a kan cinya, ta ɗago ido zuwa bakin ƙofa, inda Mahasin ke tsaye da jiƙaƙƙen hannun riga.

"Ba kai na tambaya ba."